Rabin Hanyar Baba

Lahadi, da la'asar

Na je na rufe shagon Baba. Tun jiya yake a buɗe, Kawu mai walda da ke gefensa ne ya ja ƙofar ya tokare ta da dutse bayan Baba ya yanke jiki ya faɗi, mota ta tafi da shi asibiti. Keken wani na nan kife a tsakar shago, ƙafafu sama, an cire tayar baya. Sufana tana ƙasa inda ta faɗi. Ban ɗauke ta ba. Kofin shayinsa kawai na wanke, don ƙudaje sun mai da shi gidansu.

A jikin ƙusa na ga damin robar nan da yake yankawa siri-siri daga tsohon tub na taya, kowace ya tsoma bakinta a fenti ruwan ɗorawa. Na manta shaf da Neman Gwangwani. Asabar ɗin ƙarshen hutun makaranta ce kamar kullum, ga ta nan tafe.

Mutumin da sai an taya shi neman tabarau alhali yana kan goshinsa, amma duk shekara sai ya cika gwangwanin fenti da alewa da usur da kayan ƙawar keke, ya kai bayan gari ya binne, ya ɗaɗɗaura roba a hanya don yaran unguwa su hau kekuna su bi. Tun ina 'yar makaranta yake wannan abu. Mama ta yi faɗa har ta gaji, ta koma ita ke saya masa alewar.

'Yata, wadda ya laƙaba wa Direba tun tana rarrafe a cikin tayoyinsa, ta tambaye ni ko Kaka zai dawo kafin ranar. Na ce ta je ta wanke ƙafafunta.

Litinin, da safe

Ba ya magana. Likita ya ce a ba shi lokaci.

Litinin, bayan azahar

Mama ta ƙi tashi daga kujerar roba da ke gefen gadon. Na kawo mata abinci, ta buɗe ta duba ta rufe. Hannunsa na dama yana kwance a kan zanin gado kamar an ajiye masa na wani. Har yanzu baƙin giris na nan a ƙarƙashin faratansa. Wata nas ta zo da auduga za ta goge, na ce ta bar shi. Ta kalle ni, na kalle ta, ta tafi. Ban kyauta mata ba, na sani, amma ban so in ga hannun Baba fes.

Ina zaune ina tuna Juma'a. Da magariba ya biyo ta shagon ɗinkina, wandonsa duk ciyawa, yana washe baki.

"Tela, na binne. Na ɗauro har rabi."

"Sannu da aiki. A ina?"

"Hau keke ki gani." Ya ɗauki almakashina yana wasa da shi, abin da ya san ba na so. "Bana dai za ki iso?"

"Baba, ɗinki ya yi min yawa."

"Ke dai kin zaɓi keken da ba ya zuwa ko'ina."

Kowace shekara tambayar kenan, kowace shekara amsar kenan. Ni aikina ranar shi ne in zauna a ƙofar shagonsa da kular ruwa da filasta, in jira masu kuka.

Shi daga ƙarshe yake farawa. Sai ya binne gwangwanin tukuna, sannan ya dawo da baya-baya yana ɗaura roba har ƙofar shago. Wai in ya fara daga gida zai gaji a hanya ya binne shi a wurin banza. To ga shi yanzu. Gwangwani na can a ƙasa, rabin hanya na can a ɗaure, kuma duk garin nan mutum ɗaya ne ya san inda rabin ya tsaya.

Talata, da hantsi

Yaya ya iso. Ya shiga ya fito ido jajir, ya fara ba da umarni, don shi haka yake kukansa. A baranda na yi kuskuren ambatar gwangwani.

"Ke, kina da hankali kuwa? Baba na kwance kina min zancen wasan yara?"

"Ban ce komai ba, Yaya."

"To kar ki ce."

Yana da gaskiya. Sai dai shi bai ga Direba ba a watan jiya. Dokar Baba ce, yaro ba ya shiga Neman Gwangwani sai ya taho da gudu ya ja birki a kan layin allin da yake ja a ƙofar shago. Bara ta wuce layin ta afka cikin tayoyi, ya ce sai baɗi. Bana ta tsaya cak a kansa. Ya ɗaga ta sama yana cewa a ba direba hanya. Tun daga ranar kullum sai ta wanke kekenta, kamar mai shirin sayar da shi.

Laraba, da yamma

Na je shagon ɗauko wa Mama cajar wayarsa. Na tarar da yara sun jingine kekuna a bango, ba mai wasa, ba mai faɗa. Doguwa ce a gaba, 'yar mai burodin nan da ta fara taɓa gwangwani bara.

"Anti, ya jikin Baba Mai Keke?"

"Da sauƙi."

"Za a yi?"

Na buɗe baki in ce su yi haƙuri. Abin da ya fito shi ne, "Za a yi mana."

Wallahi ba ni na faɗa ba, bakina ne. Suka watse da ihu, ni kuma na tsaya da caja a hannu kamar wadda aka mara.

Alhamis, da magariba

Na rufe shagona da wuri na bi hanyar bayan gari a ƙasa. Na bi ta tsohon tankin ruwa, na sauka gangaren, na zaga bayan filin ƙwallo, na haye kwalbati, na kai har gadar jirgin ƙasa. Wuyana ya ƙage don kallon rassan bishiyoyi. Na ga leda, na ga tsumma, na ga takalmi ƙafa ɗaya a rataye, ban ga roba ko ɗaya ba. Hanyoyin bayan garin nan sun fi gashin kaina yawa. Na dawo da ƙafa a kumbure, ina jin haushin kowa.

Shi na fi jin haushi. Me zai rage shi in ya gaya wa Mama? In ya gaya wa Kawu? Mutum ya girma har ya yi furfura yana ɓoye alewa kamar zinariya. Da zai iya amsawa, da yau mun yi ta.

Juma'a, da safe

Ba canji.

Juma'a, da la'asar

Mai keken da ke kife ya zo. Na ce ya ɗauka ya kai wani wuri, ga tayarsa nan. Ya tsaya yana kallon shagon, ya ce a bar shi, ba ya sauri, hannun Baba kawai keken ya sani. Ya tafi a ƙasa. Na so in kira shi in ce kar ya jira, sai na ji tsoron abin da hakan ke nufi.

Asabar, da rana

Kawu mai walda ya gan ni ina ɗingishi, ya ɗage gilashin fuskarsa.

"'Yar nan, a ƙasa kike nema?"

"To a sama zan nema, Kawu?"

"Ba za ki gani ba. Na taɓa raka shi. Ba da ido yake zaɓen wuri ba. Hawa yake yi yana tafiya, duk inda keke ya tilasta masa rage gudu, nan yake ɗaurawa. Wai nan ne yaro zai ɗaga kai ya duba. Mai tafiya a ƙasa ina zai san inda keke ke wahala?"

Na ce na gode, na shige shago na zauna a bencin Baba.

'Yar mai gyaran keke guda, ban iya keke ba. Duk unguwa an san wannan, har ya daina ba mutane dariya. Ina shekara bakwai ya haɗa min wani ɗan keke mai jar ƙararrawa, ya kai ni gangaren tanki, ya saki sirdin bai faɗa min ba. Na waiga ban gan shi ba. Abin da na sani kawai, bakina cike da jini, rabin haƙorina na gaba ya tafi, ƙararrawar ta lotse gefe guda. Na rantse ba ni ba keke, ni kuwa in na rantse, na rantse. Shi ma bai ƙara matsa min ba, sai tsokana.

A lungun shagon akwai wani tsohon keken mata da mai shi ba ta taɓa dawowa ɗauka ba. Na daɗe ina kallonsa, daga baya na tashi na kakkaɓe masa yana.

Lahadi, da sassafe

Filin makaranta, kafin mutane su fito. Direba ce malama. Ban taɓa sanin yarinyar nan ba ta da tausayi ba sai yau.

"Umma, daina kallon ƙafarki! Ba ɗinki ba ne!"

"Ke, riƙe ni!"

"Na riƙe."

Ƙarya take, jikar Baba ce. Na sha ƙasa har na daina jin kunya, na kurje gwiwar hannu. Keken ba shi da ƙararrawa, sai dai in yi ta ihun "Hanya! Hanya!" ga mai gadin makaranta, wanda ya koma bayan bishiya yana dariya har da riƙe ciki.

Mun dawo tana jero min kurakuraina ɗaya bayan ɗaya. A ƙofar gida ta ce, "Kaka zai yi mamaki." Na ce ta shiga ta wanke ƙafafunta.

Litinin, da la'asar

Na kai masa roba ɗaya a jaka. Na jira Mama ta fita wanke kwanuka, sannan na sa masa a hannun hagu. Ya daɗe yana murza ta. Na sunkuya na ce, "Baba, ina ka tsaya? Tanki? Gada? Bayan filin ƙwallo?" Leɓensa ya yi ta motsi, iska kawai ke fita. Ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya. Na tsani kaina. Na ce ya bari, ba komai, zan samo.

Sai ya ɗora robar a kan ƙarfen gado, yana son ɗaurawa da hannu ɗaya. Na riƙe masa ɗaya bakin. Zagaye biyu yake yi, ya cusa wutsiyar ta ƙasa, bakin mai fenti ya nuna inda za a bi. Bai iya ƙarasawa ba, ta kwance ta faɗi.

Da na miƙa hannu zan ɗauko, hannun rigata ya zame, ya ga kurjewar. Ya kalle ta, ya kalle ni. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga, wani sauti ya fito daga ƙirjinsa.

"Baba, dariya kake min?"

Dariya yake. Na ce, "Jikarka ce ta sake ni, irin halinka." Ya ƙara yi har ya sarƙe da tari, nas ta leƙo tana harararmu. Rabona da jin daɗi irin na yau tun kafin abin nan. Na fito na zauna a matakala na yi kuka son raina.

Talata, da safe

An yi ruwa. Mama ta ce garin ya yi sanyi, zai ji daɗin barci. Ni murfin gwangwani nake tunani.

Laraba, da sassafe

Na zaga filin ban sa ƙafa a ƙasa ba. Babu wanda ya gani sai mai gadi. Ya tafa min.

Alhamis, da azahar

Sun mai da shi wani ɗaki. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, shi ma sai ya cire takalmi. Yaya ya daina ba da umarni.

Juma'a, da yamma

Na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai. Ta buɗe baki za ta yi masifa, ta kalli fuskata, ta ce ba komai, za ta dawo. Na fi son ta yi masifar.

Asabar, da hantsi

Na gani.

Ni kaɗai na fita, ban gaya wa kowa ba. A gangaren tanki sauka na yi na tura, ban kai wannan jarumtar ba. Na bi bayan filin ƙwallo na haye kwalbati, hanyar dai da na bi a ƙasa ran nan ban ga komai ba. Bayan kwalbatin akwai yashi. Da ƙafa ban ma lura da shi ba. A keke kuwa tayar gaba ta nutse, kan ya murɗe, sai ga ni a ƙasa, ƙafa ɗaya a ƙarƙashin feda, ina zagin keke da mai shi da wanda ya ƙirƙiro shi.

Ina kwance na juya kai. Ga robar Baba nan a jikin turken shinge, ko ƙuguna ba ta kai ba. Zagaye biyu, wutsiya ta ƙasa, baki ruwan ɗorawa yana nuna hagu. Ni ina ta kallon sama kamar mai neman tsuntsu, ashe daidai idon yaro yake ɗaurawa.

Ban san tsawon zaman da na yi a yashin ba. Na taɓa ta, rana ta gasa ta, ɗumi gare ta. Na duba baya har kwalbati, babu wata. Nan ya tsaya ranar Juma'ar nan, ya juyo gida ya zo ya tsokane ni.

Na bi hagu. A inda hanya ta hau tudu, inda numfashi ke ƙarewa, ga ta biyu. Daga nan ina hango inda ta uku za ta kasance. Sai na ja birki na juya. In na bi na kai ƙarshe, to na cinye abin da ya rage na aikin hannunsa a waje. Ban shirya ba.

Asabar, da la'asar

Na cire takalmi na shiga. Na gaya masa a kunne: yashin bayan kwalbati, turken shinge, hagu. Na ce mugu ne shi, da gangan ya zaɓi yashin. Idonsa a rufe. Ina riƙe da hannunsa na hagu, yatsa ya motsa. Ko nasa ne ko nawa, ban sani ba.

Lahadi, da safe

Na sauke damin robar daga ƙusa na fara nawa rabin. Na yi yadda yake yi, daga turken shinge na dawo da baya-baya zuwa shago, ina ɗaurawa duk inda keke ya wahalar da ni. Da yake ni ko'ina wahalar da ni yake, robar ta kusa ƙarewa kafin in kai tanki. Ɗaurin kuwa abin kunya, wai tela guda. Roba ba zare ba ce, in ka ja nan sai ta zame can. Na yi ta ƙulla ta kamar bakin buhu.

Zan gaya masa gobe. Zai so ya ji.

Litinin, da magariba

Likita ya kira Yaya gefe. Bayan Yaya kawai na gani. Ya isa.

Talata, da hantsi

Sun ba Mama tabaransa da takalmansa a cikin leda.

Laraba, ban duba agogo ba

Takalma sun cika ƙofar gida. Kowa na cewa in yi haƙuri, ina cewa na gode. Direba ba ta tambaye ni komai ba. Ta je ta wanke ƙafafunta da kanta, ba wanda ya aike ta.

Alhamis, da yamma

Doguwa ta zo gaisuwa tare da babanta. Ta durƙusa ta gaida Mama, ta kalle ni sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Ba ta tambaya ba.

Bayan sun tafi Yaya ya ce a aika a gaya wa yaran unguwa an fasa. Mama ce ta ɗago, ita da tun shekaranjiya ba ta ce komai ba sai amsa gaisuwa.

"Alewar da ke cikin gwangwanin nan ni na saya. Da ƙafata na je kasuwa. Tururuwa za ku bar wa?"

"Mama, mutane za su ce..."

"Su ce. Shekara da shekaru ina masa faɗa a kan abin nan bai ji ba. Yanzu ne zan ci nasara a kansa, da ba ya nan?" Ta juyo gare ni. "Ke, an ce kin iya faɗuwa a keke. Ki kai su."

A tsakar gida Yaya ya tare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kin je kin ga gwangwanin na nan?"

"Ban je ba."

"In wani ya tono fa? In ruwa ya shiga? Za ki kwashi 'ya'yan mutane ki kai su gaban rami babu komai? Direba fa?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ki je gobe ki duba."

Yana da gaskiya, kamar kullum. Abin da ya sa zama da shi ke da wuya kenan.

Juma'a, da la'asar

Ban je ba. Direba ta fito da bokiti ta wanke kekenta.

Asabar, da yamma

Na je shago da wuri na tarar Yaya ya riga ni. Ya naɗe hannun riga yana ba tayoyin yara iska da famfon Baba. Sirdin Direba na rawa, ya dudduba, ya sunkuya ya ɗauki sufanar nan daga ƙasa ya ɗaure mata. Na kusa cewa ya bar ta inda take. Ban ce ba. Kular ruwa da filasta shi na bar wa, ya zauna a kujerata.

Baba ne ke hura usur a tashi. Babu wanda ya tuna da usur. Doguwa ta ce, "Mu je," muka tafi haka nan shiru, kamar ba yara ba.

Ni ce a ƙarshe, ina haki. A gangaren tanki na so in sauka, amma ƙananan sun waigo suna kallona. Na rufe baki gam don in kare sauran haƙorin, na saki birki. Na isa ƙasa da raina.

Robobina sun yi yawa har yaran suka fara dariya. Wani ya ce, "Anti, wannan ai ko ido a rufe za mu bi." Wata ta ce ɗaurin ya yi kama da na buhun gawayi. Ban ji haushi ba, dariyar ta yi min daɗi.

A yashin bayan kwalbati rabinsu suka zube, kamar yadda aka shirya musu. Direba ta tashi tana kakkaɓe gwiwa, sai ta tsaya. Ta tsuguna a gaban turken.

"Umma, wannan ba ɗaurinki ba ne."

"A'a."

"Na Kaka ne."

"Daga nan duk nasa ne."

Babu wanda ya yi tsere bayan nan. An ce duk shekara nan ake ture juna, yau kuwa in an iso roba sai a tsaya, kowa ya taɓa, a wuce. Ya kai mu kan tudu, ya sauko da mu ta gefen rafi, ya sa mu ɗaga kekuna mu tsallake wani gungumen itace, inda na tabbata ya tsaya ya yi dariya shi kaɗai. Duk inda rana ta yi zafi sai ya karkatar da mu ta inuwa. Ina zaune a ƙofar shago tsawon shekarun nan, ban san haka yake kula da su ba. Na yi kewarsa.

Roba ta ƙarshe tana jikin saiwar wata babbar bishiya, bakinta na nuna ƙasa. Maganar Yaya sai yawo take a kaina. Suka sa hannu suka hau tono. Da ramin ya yi zurfi Doguwa ta ja baya, ta ce Direba ta ƙarasa, ita ce sabuwa. Ta tona, ta tona, babu komai sai ƙasa. Ta ɗago ta kalle ni. Na ce ta ci gaba, muryata ba tawa ba. Sai faratanta suka daki murfi.

Yana nan. Ya naɗe shi da leda ya ɗaure da roba, ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Alewar Mama, usur, 'yan madubai masu ƙyalli na bayan keke, igiyoyi masu launi na ratayawa a hannu. Doguwa ta raba, ba wanda ya yi gardama. Direba ta riƙe usur ɗinta da hannu biyu, ba ta hura ba.

A can ƙasa saura wani abu a ƙulle cikin tsumma. Wani ƙaramin yaro ya kai hannu, manyan suka ce masa "Kai!" kusan tare.

"Ba a ɗaukar wannan," in ji Doguwa. "Kullum tana ciki. In an gama rabo Baba Mai Keke yana sa ta a aljihu ya koma da ita."

"Mece ce?" na tambaya.

"Ƙararrawa ce, Anti. In mun tambaya sai ya ce mai ita ba ta iso ba tukuna."

Na karɓa na kwance tsumman. Ja ce, ko da yake jan ya kusa ƙarewa. Gefe guda a lotse.

Na zauna a kan saiwar. Yaran suka yi cirko-cirko. Direba ta matso ta leƙa hannuna, ta leƙa fuskata, ta ce, "Umma, ta wace ce?" Na ɗaga leɓe na nuna mata haƙorina.

Ta kalli haƙorin, ta kalli ƙararrawar, ta ce, "To kaɗa mana."

Na ɗauka ta daɗe da mutuwa, abin da na yi zaton tun ina yarinya aka zubar. Na sa babban yatsa na danna. Ta yi ƙara tas, har tsuntsaye suka tashi daga bishiyar.

Ashe duk shekara yana sa mata mai.